Ƙetare iyaka da tsirran ƙasashen zafi a lokacin sanyi

Ƙetare iyaka da tsirran ƙasashen zafi a lokacin sanyi aiki ne da ya haɗa ilimin tsirrai da dokokin ƙasashe da dabarar ɗaurin kaya. Masu yin sa iri-iri ne. Akwai kamfanonin furanni da ke kai kaya daga Kosta Rika ko Taiwan ko Kenya zuwa Turai da Amurka, akwai masana da ke musayar iri tsakanin cibiyoyin bincike, akwai kuma mutum guda da ƙaura ta kama shi a tsakiyar Janairu, ya ƙi barin shukar da ya rena shekara da shekaru a cikin tukunya. Matsalarsu ɗaya ce. Tsiron yana son a rufe shi ruf a wuce da sauri, doka kuwa tana son a tsaya, a buɗe, a duba.

Yadda sanyi ke yi wa tsiron illa

Mutane da yawa sun ɗauka sai ruwa ya daskare tsiro ke mutuwa. Ga tsirran ƙasashen zafi ba haka abin yake ba. Yawancinsu sukan fara jin jiki da zarar ma'aunin Salshiyas ya sauka ƙasa da digiri 12 ko 13, wato tun ƙanƙara ba ta ko kusa ba. Wanda ya taɓa sa ayaba a firji ya wayi gari ya tarar ɓawonta ya yi baƙi ya riga ya ga wannan illa da idonsa. Shi ya sa jiragen ruwa masu dakon ayaba ke riƙe ta a digiri 13 zuwa 14, ba sa yarda ta sauka ƙasa da haka.

Dalilin yana cikin ƙwayoyin halittar tsiron. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da wani siririn tantani mai maiƙo, wanda shi ke tsare abin da zai shiga da abin da zai fita. A tsirran ƙasashen zafi wannan maiƙo yana saurin sandarewa, kamar yadda manja ke kamewa a cikin kwalba da asubahin hunturu. Da ya sandare sai tantanin ya fara yoyo, ruwan cikin ƙwayar ya malala inda bai kamata ba. Alamar farko ita ce tabo-tabo a ganye kamar an ɗiga masa ruwa ya jiƙe, daga baya tabon ya koma ruwan ƙasa ko baƙi, ganyen ya yi laushi ya zube. Saiwar da ta sha sanyi kuma takan kasa jan ruwa, sai a ga tsiro yana yaushi alhali ƙasar tukunyarsa jiƙe take sharkaf.

Abin da ya fi rikita masu ciniki shi ne illar ba ta cika bayyana nan take ba. Sai a buɗe kwali a ga ganye kore shar, a sa hannu an karɓi kaya lafiya, bayan kwana biyu ko mako guda a ɗaki mai ɗumi ɓarnar ta fito fili. A lokacin kuwa ba mai iya cewa ko a filin jirgi aka yi sakacin, ko a bayan mota, ko a rumbun kwastan. Girman ɓarnar ya danganta da tsananin sanyin da kuma daɗewar da tsiron ya yi a cikinsa. Kwana uku a digiri 8 na iya yin ta'adin da gajeren lokaci a sanyin da ya fi haka bai yi ba. Sabon toho ya fi tsohon ganye rauni.

Abin da doka ke nema

Ƙasashe ba don son wahalar da matafiyi suke tsare tsirrai a iyaka ba, sun ga jiya ne. A farkon shekarun 1970 wani ƙaramin ƙwaro mai farin gari a jiki ya shigo Afirka daga Kudancin Amurka a jikin karan rogo. Ya bazu a gonakin rogo na nahiyar yana cin amfani, har sai da cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan, ta hannun masanin ƙwari Hans Herren, ta kawo wani ɗan mitsitsin zanzaro daga Kudancin Amurka mai kashe shi, aka fara sakin sa a Nijeriya a 1981. A 2013 kuma aka gano wata cuta mai suna Xylella a gonakin zaitun na yankin Puglia a kudancin Italiya, ta kashe miliyoyin itatuwa. Ana kyautata zaton a jikin shukar kofi ta ado ta zo daga Amurka ta Tsakiya.

Tushen dokar yau shi ne yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya da aka amince da ita a 1951 ƙarƙashin hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ita ta tsara takardar shaidar lafiyar tsirrai, wadda hukumar ƙasar da kayan za su fito ke bayarwa bayan jami'inta ya duba su. A Nijeriya hukumar killace kayan gona ta NAQS ke bayar da ita. Tarayyar Turai, tun daga 14 ga Disamba 2019, tana neman wannan takarda a kan kusan duk wani tsiro ko ɗanyen ganye ko 'ya'yan itace da za a shigar mata, ko da a jakar matafiyi ne. 'Ya'yan itace biyar kawai ta ware: abarba, kwakwa, ayaba, dabino da duriyan (wani ɗan itace mai ƙaya na kudu maso gabashin Asiya). Amurka na barin matafiyi ya shigo da tsirrai 12 ko ƙasa da haka ba tare da izini na musamman ba, muddin ba haramtattu ba ne kuma suna da takardarsu. Daga 13 sai da izini. Furannin okid kuma suna da ƙarin sharaɗi, domin duk danginsu na cikin jerin yarjejeniyar CITES ta 1973 mai kula da cinikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu.

A nan ne mai kaya ke shiga halin gaba kura baya sayaki. Ƙasashe da yawa ba sa yarda a shigo musu da ƙasar noma daga waje, saboda tsutsotsi da cututtukan da ke ɓuya a cikinta. Dole a tumɓuke tsiron, a wanke saiwar tas, a naɗe ta da jiƙaƙƙiyar takarda ko gansakuka. Ƙasar tukunyar kuwa ita ce ke riƙe ɗan ɗumin da ke kare saiwa. An raba tsiron da bargonsa ke nan a daidai lokacin da ya fi buƙatarsa, sannan a iyaka a buɗe kwalin don dubawa. Idan kayan suka iso da yammacin Juma'a, ko aka sami kuskure a sunan tsiro a takarda, suna iya kwana biyu ko uku a rumbu suna jira.

Dabarun ɗaurin kaya

Manyan 'yan kasuwa suna amfani da motoci da kwantenoni masu daidaita yanayi, galibi tsakanin digiri 13 da 18 ga tsirran ado masu ganye. Mai ƙaramin kaya kuwa sai dabara. Ana naɗe kowane tsiro da takarda ninki-ninki, a sa a kwali mai rufin soso ta ciki, a cike gurabe don kada ya yi ta gwaruwa. Leda ita kaɗai ba ta tsare sanyi, kuma ganyen da ya manne da ita ya fi saurin lalacewa. Ba a kuma shayar da tsiro sosai dab da tafiya, domin jiƙaƙƙiyar saiwa a sanyi ruɓewa take yi.

Akwai 'yar jakar ɗumama da ake sakawa a kwali. Garin ƙarfe ne da gishiri da gawayi a ciki, da iska ta taɓa shi sai ya fara tsatsa a hankali yana fitar da zafi, wata ta awa 40, wata ta awa 72. Tana buƙatar iska, don haka idan aka liƙe kwalin ko'ina da salatif takan mutu a hanya. Idan kuma ta jingina da ganye kai tsaye sai ta ƙona shi. Da yawa cikin masu sayar da tsirrai ta intanet a Amurka da Turai sukan dakatar da aikawa gaba ɗaya idan hasashen yanayi ya nuna tsananin sanyi.

Ga mai tafiya da motarsa, misali tsakanin Amurka da Kanada, wurin tsirrai shi ne inda mutane ke zama, ba but ba, kuma nesa da gilashin taga. A ɗumama motar kafin a fito da su daga gida. Wuraren hatsari 'yan kaɗan ne amma sun isa: tazarar ƙofar gida zuwa mota, tsayawa cin abinci an kashe inji, da kwana a masauki an bar kaya a waje. A jirgin sama ma ba cikin jirgin ne abin tsoro ba, zaman da kaya ke yi a fili kafin a loda su ne.

Tarihi

Kafin ƙarni na 19 yawancin tsirran da aka ɗauko a jirgin ruwa ba sa isa da rai, saboda feshin ruwan gishiri da ƙarancin ruwan sha da sauyin yanayi. A 1829 wani likita a Landan, Nathaniel Bagshaw Ward, ya lura cewa tsiro ya fito ya ci gaba da rayuwa a cikin kwalbar da ya rufe da danshin ƙasa a ciki. Daga nan ya ƙera akwatin katako mai rufin gilashi. A 1833 ya aika biyu zuwa Sidni a Ostareliya, tsirran suka isa lafiya. A dawowa aka cika su da tsirran can, jirgin ya bi ta ƙarshen Kudancin Amurka inda sanyi ya kai digiri 7 ƙasa da sifili har dusar ƙanƙara ta rufe benen jirgin, ya ratsa tsakiyar duniya a zafin digiri 49, tsirran suka iso Landan da ransu.

Wannan akwati ya yi wa daular Birtaniya aiki ba kaɗan ba. A cikinsa masanin tsirrai Robert Fortune ya kwashi dashen shayi daga Sin zuwa Indiya. A 1876 wani Baturen Ingila, Henry Wickham, ya kai 'ya'yan itacen roba kimanin 70,000 daga Brazil zuwa lambun binciken tsirrai na Kew da ke Landan. Kaɗan ne suka tsiro a ɗakunan gilashi, kuma daga cikinsu aka aika dashe kusan 2,000 zuwa Silon, wato Siri Lanka ta yau, a cikin akwatunan Ward. Sai dai abin da ya raya tsiro ya raya ƙwarin da ke cikin ƙasarsa, wanda hakan na cikin dalilan da suka sa aka tsaurara dokokin killacewa, daga baya kuma jirgin sama ya kashe kasuwar akwatin.

Akwai inda sanyin da kansa ya zama kariya. Tun 1985 Jami'ar Reading a Ingila ke riƙe da cibiyar killace koko ta duniya. Sabon irin koko da za a kai daga wata ƙasa mai zafi zuwa wata, misali daga Kudancin Amurka zuwa Ghana ko Nijeriya, yakan fara yada zango a can, ya yi kimanin shekara biyu a ɗaki mai ɗumi ana lura da shi. An zaɓi Ingila ne saboda ba a noman koko a cikinta, kuma ƙwaro ko cutar da ta kuɓuce daga ɗakin ba za ta sami abin kamawa a waje ba.