Mene ne kalori da masu neman rage ƙiba ke yawan ambato?

Wata uku ke nan da Goggona ta Tudun Wada ta yi sallama da tuwon dare. Likita ne ya ce ta rage nauyi saboda ciwon gwiwa da hawan jini, ita kuwa tana dawowa gida sai ta ɗora wa tuwo laifi, don a ganinta shi ke kawo teɓa. Ranar da na je gaishe ta bayan isha'i na tarar da abin da ya maye gurbinsa: ƙosai cike da faranti, man har ya jiƙa takardar da aka naɗo shi, ga burodi, ga shayi mai kauri da sukari cokali uku. Ta ce da ni, "'Yar nan, na bar tuwo, na bar shinkafa, amma sikelin asibiti ko gezau. Yaran nan sai ce mini suke wai kalori, kalori. Shi kalorin nan a cikin me ake sa shi ne, in daina ci?"

Mutane da yawa haka suka ɗauki kalmar, kamar wani sinadari ne da ake barbaɗawa a abinci irin su gishiri ko magi. Alhali kalori ma'auni ne kawai. Yadda ake auna hatsi da tiya, fetur da lita, haka ake auna makamashin da ke cikin abinci da kalori, wato ƙarfin da jiki ke samu in ya narkar da abin da aka ci. Ban da ruwa da gishiri, kusan duk abin da za ka kai baki yana da nasa. Bambancin a yawa ne.

Asalin kalmar daga Latin ne, inda calor ke nufin zafi. Wani Bafaranshe, Nicolas Clément, shi ya fara amfani da ita a shekarun 1820, kuma maganar injinan tururi yake yi a lokacin. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 wani masanin kimiyya a Amurka, Wilbur Atwater, ya duƙufa wajen auna abincin mutane da ita: a ƙona abincin cikin rufaffen mazubi da ruwa ya kewaye, a ga iya zafin da ruwan ya ɗauka. Kalori ɗaya na abinci, wanda ake rubutawa kcal a jikin leda ko gwangwani, shi ne zafin da zai ɗaga ɗumin ruwa lita ɗaya da digiri ɗaya.

Daga aikin Atwater aka samu lambobi uku da nake ganin ya kamata duk mai riƙe da ludayi ta haddace. Giram ɗaya na abinci mai sitaci ko sukari yana ba da kalori 4. Giram ɗaya na furotin, irin wanda ke cikin nama da kifi da wake, shi ma 4 ne. Giram ɗaya na mai kuwa 9 ne, ya ninka su har da ɗori. Kuma duk mai haka yake, man gyaɗa ne, man ja ne, ko na galan da ake tallarsa da cewa ba ya da illa; man shanu ne kaɗai ya ɗan gaza saboda ruwan da ke cikinsa. Babban cokali ɗaya na mai ya kai kalori 120, kusan daidai da dafaffiyar shinkafa giram 100, wadda ke da kamar 130. Ku dubi bambancin a ido: cokalin mai ko ƙasan faranti ba zai rufe ba, ba kuma zai ƙosar da kowa ba. Gwangwanin madara guda na mai, wanda a gidaje da yawa shi ake juyewa a tukunyar miyar dage-dage ba tare da an ji komai ba, ya haura kalori 1,200.

A nan matsalar Goggo take. Waken da aka yi ƙosanta da shi ba shi da laifi. Da alala aka yi da shi, ko aka dafa shi haka nan, da abinci ne mai riƙe ciki. Amma ƙullu yana shan mai kamar soso. Haka awara, haka waina in aka cika tanda da mai, haka soyayyen dankali da doya. Ta bar malmalar tuwon masara da miyar kuka, ta koma kan abin da ya fi su kalori nesa ba kusa ba, kuma kafin asuba yunwa ta tashe ta. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda muke saurin zargin abincinmu na gado, mu bar mai da sukari suna cin karensu ba babbaka.

Sukari shi ne ɓarawo na biyu, domin yawanci sha ake yi, ba a lissafa shi cikin abinci. Ƙaramin cokali ɗaya kalori 16 ne. Robar lemun kwalba mai sukari ta 50cl tana kai wajen 200. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi na sayarwa su ma ba a tausaya musu wajen zuba sukari, fura da nono ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato kamar ƙananan cokula 12 ga baligi, kuma lemu roba ɗaya kan cinye wannan kason baki ɗaya. Ɗalibin da ya tsaya wajen mai shayi a Samaru ya ci Indomie leda biyu da ƙwai soyayye, kowace ƙaramar leda ta haura kalori 300 kafin a zuba mata mai, ya kora da shayi mai madara, ya kusa cin rabin abin da jikinsa ke buƙata a yini a zama ɗaya.

To nawa jiki ke buƙata? A ƙiyasi, mace baliga kamar 2,000 a rana, namiji kamar 2,500, amma ya danganta da girman jiki da shekaru da irin aikin da mutum ke yi. Mai tura baro a kasuwar Sabon Gari da ma'aikacin da Keke Napep ke ɗauka daga ƙofar gida ya sauke shi a ƙofar ofis ba za su zama ɗaya ba. Shi ya sa kakanninmu suka ci tuwo malmala biyu uku ba su yi tumbi ba: ga noma, ga daka da surfe, ga jan guga, ga tafiyar ƙasa daga cikin gari zuwa gona. Mu mun riƙe cin, aikin kuwa injin niƙa da babur sun karɓe. Wani abin da ba kowa ya sani ba, kusan kashi biyu cikin uku na kalorin da jiki ke ƙonawa yana tafiya ne wajen numfashi da bugun zuciya da aikin ƙwaƙwalwa da ɗumama jiki, ko da mutum kwance ya wuni.

Abin da ya yi rara, jiki ba ya zubarwa, ajiye shi yake a matsayin kitse. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Ke nan wanda ya rage 500 kullum zai sauke kamar rabin kilo a mako, kuma saukar nauyin kan ƙara yin sanyi bayan 'yan watanni, don jikin da ya ragu buƙatarsa ma raguwa take yi. Da wannan lissafi kaɗai za ka gane ƙaryar masu tallar shayin rage ƙiba a Facebook da WhatsApp, masu alkawarin kilo biyar a mako guda. Da dama daga cikin irin shayin nan filasko ne a ciki ko wani abu mai sa fitsari. Gudawa ake yi, ruwan jiki ya fita, sikeli ya sauka, kitsen yana nan daram. Na ga wadda ta galabaita har sai da aka yi mata ƙarin ruwa.

Motsa jiki kuma yana ƙona ƙasa da yadda ake zato. Tafiyar awa guda da sauri, ga mai matsakaicin jiki, kalori 250 zuwa 300 ce. Mutum zai hau dutsen Kufena ya sauko yana haki, ya sha lemu mai sanyi da cincin, ya mayar da abin da ya fitar cikin minti biyar. Wannan ba dalilin zama ba ne. Tafiya tana gyara zuciya, tana saukar da hawan jini da sukarin jini, tana hana tsoka zubewa yayin da ake rage ci, kuma minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi, rabin awa ne sau biyar. Sai dai babban aikin rage ƙiba a tukunya da kofi yake.

Kalori kuma bai faɗi komai da komai game da abinci ba. Kalori 200 na lemu da 200 na faten tsaki mai rama da yakuwa da wake daidai suke a lissafi, amma ɗaya zai bar ka da yunwa, ɗaya ya riƙe ka har la'asar. Faten da ake tsokanar mu Zage-zagi da shi yana cikin abincin da ya fi dacewa da mai son rage nauyi, matuƙar ba a malale shi da man ja ba. Haka kwaɗon zogale da dambu mai ganye, a dai yi hattara da ƙuli-ƙuli da mai, don gyaɗa giram 100 ta haura kalori 550. In abin leda ne ko na gwangwani, a duba ko lambar da aka rubuta ta giram 100 ce ko ta ledar gaba ɗaya. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai shan maganin ciwon suga, kada su rage ci sai da shawarar likita.

Na ce wa Goggo ta dawo da tuwonta, malmala ɗaya madaidaiciya, miya ta fi yawa. Ƙosai ya koma na ranar Juma'a. Sukarin shayi ya sauko daga cokali uku zuwa ɗaya, ta yi mita kwana biyu sannan bakinta ya saba. Islamiyyar da take hawa babur ta je, yanzu da ƙafa take zuwa ita da maƙwabciyarta. Da na koma wancan makon na same ta a madafi tana wa jikarta faɗa don ta ɗauko galan za ta tuttula mai a tukunya. Ta karɓe, ta auna cokali uku da hannunta, ta mayar da murfin.