Ma'anar "vid" a Rashanci

Duk wanda ya wuce shekarar share fage a jami'ar Rasha, wato podfak, ya shiga aji sosai, to kalmar da zai fi ji a bakin malamai ita ce vid. A farko mutum yana zaton padej ɗin nan guda 6 da suke canza ƙarshen suna su ne matsalar, amma su haddacewa ake yi a wuce. Vid kam har wanda ya ci jarrabawar ƙwarewa a Rashanci ta TRKI-2, matakin B2 kenan, wato sama da matsakaici, yana tuntuɓe a kansa.

Vid yana nufin yadda mai magana yake kallon aiki: ya kammalu ya ba da sakamako ne, ko kuwa ana cikin yinsa, ko ana maimaita shi. Yawancin fi'ilai a Rashanci tagwaye ne. A littattafai za ka ga an rubuta NSV, wanda bai kammalu ba, da SV, wanda ya kammalu. Karatu citat ne, amma karance abu har ƙarshe procitat. Rubutu pisat da napisat. Wasu ma ko kama ba sa yi, kamar govorit da skazat na faɗa, ko brat da vzyat na ɗauka, dole ka riƙe su biyu-biyu tun ranar da ka fara haɗuwa da su.

Ni a ganina Bahaushe yana da sa'a a nan, don mu ma muna da abin, ya karanta daban yana karantawa daban yakan karanta daban, sai dai mu a jikin wakilin suna muke nunawa su kuma a jikin fi'ilin kansa. Shi ya sa bana son ɗalibi ya riƙa bi ta Turanci kafin ya isa Rashanci, ya tsaya ya yi tunani da Hausarsa kawai.

Misalin da ya fi shiga rai shi ne na jarrabawa. Ɗalibi zai ce "ya sdaval ekzamen, no ne sdal" (kar a ruɗe, ya a wurinsu ni ne). Fi'ili ɗaya ne sau biyu amma ma'anar ita ce na zauna jarrabawar ban ci ba. Sdavat zama ne, sdat ci ne. In aka tambaye ka ka amsa da wanda bai dace ba to ka ba da labarin da ba haka yake ba.

Sai kuma inda abin yake zurfi a manyan azuzuwa. "Kto otkryl okno" da SV, wa ya buɗe taga, tagar tana nan a buɗe. "Kto otkryval okno" da NSV kuwa an buɗe an sake rufewa, sanyin da ya shigo ɗakin ne kawai ya nuna. Haka wajen baƙo, in ka ce masa sadites (NSV) ka yi masa bismillah ne ya zauna, in ka ce syadte (SV) ya fi kama da umarni irin na likita ko malami. Hani ma yawanci da NSV ake yinsa, sannan bayan fi'ilai irin su fara da ci gaba da gamawa NSV kaɗai ke zuwa, babu zaɓi.

Abu ɗaya da yake kama mutane da yawa: SV ba shi da lokacin yanzu kwata-kwata. In ka jera shi kamar na yanzu sai ya koma nan gaba, citayu ina karantawa, procitayu zan karance. Don haka malamai suke sa ɗalibai su ɗauki gajeren labari su ja layi a ƙarƙashin kowane fi'ili su faɗi dalilin da marubucin ya zaɓi wannan ya bar ɗan uwansa, kuma wallahi wannan aikin ya fi haddar jadawali amfani nesa ba kusa ba.