Faten wake

Faten wake abinci ne mai kauri da ake yi da wake, a dafa shi har ya yi luguf ya fara narkewa cikin romonsa, a haɗa da mai, albasa, jajjage, daddawa da ganye. An san shi a ko'ina cikin ƙasar Hausa, Najeriya da Nijar. Ana sa masa busasshen kifi ko hanta in da hali, amma ainihinsa ba ya buƙatar nama, kuma a yawancin gidajen karkara haka ake yin sa. An fi marmarinsa da hunturu.

Suna

Fate suna ne na dangin abinci da ake dafa komai a tukunya ɗaya har ya haɗe jikinsa. Akwai faten tsaki, wanda ake tsokanar Zage-zagi da shi, akwai na doya, na dankali da na acca. Shi fate shan sa ake cewa ana yi, ko da cokali zai tsaya a cikinsa don kauri.

Tarihi

Waken da ake nufi shi ne wanda masana tsirrai ke kira Vigna unguiculata, kuma ɗan asalin Afirka ne. Mafi tsufan ragowarsa da masu haƙar kayan tarihi suka samu a Afirka ta Yamma an tono shi ne a yankin Kintampo, tsakiyar Ghana, an kuma kiyasta shekarunsa da kusan 3,500 zuwa 3,800. Masana sun saɓa kan ainihin inda aka fara mayar da shi amfanin gona. Daga Afirka ya bazu har Indiya, sannan ya tsallaka teku zuwa nahiyar Amurka a jiragen cinikin bayi, mai yiwuwa cikin ƙarni na 17. Shi ya sa har yau ake soya ɗan'uwan ƙosai a Bahiya ta Brazil, ake kuma dafa wake da shinkafa ranar sabuwar shekara a kudancin ƙasar Amurka.

Waken tsoho ne, amma faten da muka sani yau bai kai shi tsufa ba. Tattasai, attarugu, barkono da tumatir duk tsirran nahiyar Amurka ne, ba su shigo Afirka ba sai bayan 1492, galibi ta hannun 'yan kasuwar Fotugal da ke bakin teku. Gyaɗa ma haka. Ke nan faten da aka sha a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarshen ƙarni na 15, ba shi da wannan jan launi ko wannan yaji. Abin da mai girki ke da shi a hannu lokacin shi ne masoro, kimba da citta, sai man shanu, man kaɗe ko man riɗi, da daddawar kalwa da ake samu daga 'ya'yan ɗorawa. Wannan daddawa ita ce ginshiƙin ɗanɗanon tun da can, ita ke cike gurbin nama, kuma fate marar daddawa, komai yawan dunƙulen da aka jefa masa, salam yake.

Sauran kayan haɗin kowanne da hanyar da ya biyo. Gishirin Balma ayarin raƙuman Buzaye ke kawo shi ta Agadas. Kanwa daga Manga da gaɓar Tafkin Chadi take fitowa, fatake su yi kudu da ita har ƙasar Yarbawa da Gwanja. Manja kuwa daga kurmi yake hawowa arewa. Tukunyar fate guda ɗaya tana haɗa kayan hamada, na daji da na kurmi.

Wake da hunturu

Manomi kan shuka wake ne a tsakanin gero ko dawa, bayan hatsin ya ɗan tasa. Saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsa kuma abincin dabbobi ce mai tsada da rani. Ana roron wake da kaka, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, wato daidai lokacin da iskar hunturu ke fara kaɗawa. A wasu dararen Disamba da Janairu sanyi a Kano kan sauko kusa da digiri 10, a Jos da Agadas har ya fi haka. Sai ya zamana lokacin da jiki ya fi neman abu mai zafi mai riƙe ciki shi ne lokacin da wake ya fi araha, kuma sabo ne, ba ya daɗewa a wuta. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wake furotin ne, wato sinadarin gina jiki. Wanda ya sha kwano guda da safe zai kai azahar bai nemi komai ba sai ruwa.

Daga cikin irin da aka sani a kasuwa akwai ɗan ila, kanannado, aloka da jan wake na Barno. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wannan wake, Nijar na bi mata.

Yadda ake yi

A tsince wake gwangwani huɗu, a fitar da tsakuwa da wanda ƙwaro ya huda, tunda wake ɗaya ke ɓata gari. Wasu kan surfa shi su wanke, ɓawo da hanci su fita, faten ya yi laushi ya kuma rage kumburin ciki. Wasu sun fi son sa da ɓawonsa. A ɗora da ruwa mai yawa da yankakkiyar albasa, wadda ke kashe gafin waken. Ba a sa tumatir da wuri, don tsaminsa kan hana wake nuna.

A wata tukunyar a soya manja da albasa har ta yi ƙamshi, a zuba jajjagen tattasai da attarugu, dakakkiyar daddawa, citta da tafarnuwa, a bar su su soyu har mai ya taso sama. Idan waken ya nuna yadda zai murje tsakanin yatsu biyu, a juye masa soyayyen kayan, a sa gishiri, a rage wuta. Daga nan aikin na ludayi ne. Ana juyawa ana danna waken a jikin tukunya, rabi ya farfashe ya ba romon kauri, rabi ya tsaya da ƙwayarsa. In aka bar shi ba juyi zai kama, ƙaurin kuma ba ya fita. Mai son zaƙi kan yanka kabewa ko dankalin Hausa tun waken na rabin dahuwa, su narke a ciki. Alayyahu ko zogale shi ne na ƙarshe, minti biyar ya ishe shi. A sauke da ɗan ruwa-ruwa, domin yana ƙara kauri in ya huce.

Ana sha haka nan, ko da burodi, garin rogo ko farar shinkafa.

Makamantansa

Yarbawa na da ewa riro, mutanen Ghana na da red-red da suke ci da soyayyar agada, a Senegal kuma akwai ndambe.

Abubuwan da ake taƙaddama a kai

Mata da yawa kan jefa 'yar kanwa don wake ya yi saurin nuna, a yi tsimin itace. Masana abinci sun ce tana lalata wasu sinadaran bitamin B, suna ba da shawarar a jiƙa waken tun dare a maimakonta. Akwai kuma batun maganin ƙwari da wasu ke zuba wa waken ajiya, wanda ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Buhu mai leda biyu a ciki, wanda ke toshe iska, yana kare wake ba tare da magani ba. A 2019 an amince da irin SAMPEA 20-T na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, wanda aka sauya wa ƙwayar halitta don ya jure tsutsar da ke cin fure da kwanso. Wasu manoma sun karɓe shi, wasu ƙungiyoyi na adawa da shi.