Waiwaye: Girman kifi da yawan iskar da yake sha

Kifin da ya ninka wani nauyi sau goma ba ya shan iskar oksijin ninki goma. Abin da yake sha bai wuce ninki shida da ɗoriya ba. Wannan kam an daɗe da saninsa. Dalilinsa ne ake ta ja-in-ja a kai sama da shekara ɗari.

Maganar ba a ruwa ta faro ba. A 1883 masanin aikin jiki Max Rubner na Jamus ya auna zafin da karnuka manya da ƙanana ke fitarwa, ya ce tunda ta fata zafi ke fita, faɗin fata ne ke tsara saurin ƙona abinci a jiki, ƙonawar da ke cin oksijin. A lissafinsa ma'aunin da ke haɗa nauyin jiki da buƙatar kuzari 2/3 ne, wato nauyi ninki goma na buƙatar kuzari ninki 4.6. A 1932 Max Kleiber, a Kaliforniya, ya jera dabbobi tun daga ɓera har zuwa sa, ya ce a'a, 3/4 ne, ninki 5.6 ke nan.

Sai kifi ya dagula lissafin. Yawancin kifaye ba sa riƙe zafin jiki, zafin ruwan da suke ciki shi ne nasu, don haka hujjar fata ba ta hau kansu. Amma duk da haka, idan aka sa kifi a rufaffen mazubi aka auna yadda oksijin ke raguwa, sai a ga ƙarami ya fi babba sha a kan kowane giram na jikinsa. Wani masani mai suna Winberg ya tattara irin waɗannan gwaje-gwaje a Minsk ta Belarus a 1956, ya samu ma'aunin kusan 0.8, wato ninki shida da ɗoriyar nan. Clarke da Johnston sun sake bibiya a 1999 da nau'in kifi 69, suka dawo kan adadin nan.

West, Brown da Enquist sun yi ƙoƙarin kare 3/4 a 1997, suna cewa yadda hanyoyin jini ke yin rassa ne ya tilasta shi. Bayani ne mai daɗin ji, sai dai kifi bai ba shi haɗin kai ba. A 2010 Killen, Atkinson da Glazier sun duba nau'i 89, suka ga ma'aunin na sauyawa da zafin ruwa da kuma yanayin rayuwa: na kifaye masu yawan iyo ya fi ƙasa, na masu lafewa a zurfi ya fi sama. A ganina, nan ne aka fara sauraron kifin kansa.

Ɗumamar teku ce ta sake hura wutar. Masanin kifi Daniel Pauly ya daɗe yana cewa gaɓar numfashi da ke gefen kan kifi ba ta girma daidai da jikinsa, shi ya sa babban kifi ke fara rasa iska idan ruwa ya yi ɗumi. Kan wannan tunani ne Cheung da abokan aikinsa suka yi hasashe a 2013 cewa iyakar nauyin da kifayen teku ke kaiwa za ta iya raguwa da kashi 14 zuwa 24 cikin ɗari nan da 2050. Lefevre, McKenzie da Nilsson suka mayar da martani a 2017 cewa gaɓar tana da ninke-ninken da ke ba ta damar faɗaɗa gwargwadon buƙatar kifin, don haka a nemi dalilin ƙanƙancewar a wani wuri.