Rumbun ikilisiya: tambayoyi da amsoshi a kan tanadin hatsi don mabukata

A jihar Maradi, daga Yuni zuwa Satumba, hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba, ga aikin gona da ke buƙatar ƙarfi. A watannin nan ne ake ganin wasu ƴan'uwa sun daina zuwa sujada, ba don sun ja da baya ba, sai don babu abin ɗora tukunya. Ikilisiyar da ta yi tanadi tun kaka tana da abin da za ta kai musu bayan addu'a. Ga tambayoyin da dattawa da shugabannin zumuntar mata suka fi yi a kan wannan aiki.

Tara hatsi aikin ikilisiya ne, ko na gwamnati da ƙungiyoyi?

Aikinmu ne tun daga tushe. A Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni ya tashi a ikilisiyar Urushalima saboda ana tsallake gwaurayen masu jin Helenanci wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce wannan ƙaramar magana ba ce. Sun sa aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida su riƙe aikin. A sura 11 kuma, da aka yi annabcin babbar yunwa, masu bi na Antakiya suka tara gudummawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Yakubu 2:15-16 ya tambaye mu amfanin sallamar ɗan'uwa mai yunwa da fatan alheri kawai. Bahaushe ma ya ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ya ga yunwar 2005 a ƙauyukan Maradi ya san taimakon waje yakan iso, amma sau da yawa bayan an riga an sayar da awaki da garma.

Nawa ya kamata a tara?

A fara da ƙidayar gidaje. Tiya ɗaya ta hatsi tana kai kusan kilo biyu da rabi, buhu mai kilo 100 kuma yana ɗaukar tiya 40. Gida mai mutum biyar yana cin kusan tiya ɗaya a rana, wato tiya 30 a wata. Rumbun ikilisiya ba zai ɗauke duka ba, amma idan ya cike rabi, tiya 15 a wata, gidan ba zai sayar da dabba ko ya ci iri ba. Wata uku ya zama tiya 45 ga gida ɗaya. Gida goma, tiya 450, wato buhu 11 da ƴan kai. Sai a ƙara buhu ɗaya ko biyu don baƙo, da mai jego, da gidan da aka yi rasuwa.

Idan lissafin ya fi ƙarfinku, ku rage watanni, kada ku rage gidaje. Agusta ne ya fi tsanani, don haka a tsare shi tukuna.

Daga ina hatsin zai fito?

Mafi yawa daga godiyar kaka. Manomi ya kawo dami, ma'aikacin da ke cikin gari ya kawo kuɗi, a saya a Oktoba ko Nuwamba lokacin da farashi ke ƙasa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a yi gwanjon duk abin da aka kawo a ranar godiya, kuɗin su shiga gini, sannan a watan Yuli a koma kasuwa da tsada. Tun kafin ranar, dattawa su yanke kason da zai shiga rumbu, su faɗa a gaban jama'a.

Hanya ta biyu ta mata ce, kuma ita ta fi ɗorewa: kowace uwar gida ta ɗebi dunƙule ɗaya a duk lokacin da za ta yi surfe, ta ajiye gefe, ta kawo ran Lahadi. Bulus ya koya wa Korintiyawa irin wannan tsari na ajiye wani abu kowace ranar farko ta mako, don kada sai buƙata ta zo a fara kame-kame. Kada a karanta sunan wanda ya kawo da yawa daga bagade. Tiyar gwauruwa da buhun ɗan kasuwa a zuba su wuri ɗaya.

Me ke lalata hatsin, kuma ta yaya za a tsare shi?

Laima, ƙwari, gara da ɓera. Hatsin da aka bari a zangarniyarsa cikin rumbu mai kyakkyawan rufi ya fi jimrewa, amma ikilisiyoyin cikin gari galibi tsaba suke ajiyewa a buhu. Kafin a ɗure, a gwada bushewa: a zuba ƴar tsaba da busasshen gishiri cikin kwalba busasshiya, a rufe, a girgiza. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran laima, a sake shanyawa.

Wake shi ne mai wuya, don ƙwaron yakan biyo shi tun daga gona, cikin ƴan watanni ya huje shi. Buhun PICS, wanda masu bincike na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasar Nijar, a nan Maradi suka yi aiki a kansa, yana da leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. A duba ledojin ko da huji, a cika, a matse iska, a murɗe bakin kowace leda a ɗaure ta ita kaɗai, sannan na waje. Ƙwarin suna mutuwa don rashin iska, ba a sa magani. Amma huji ɗaya na ɓera ya isa ya ɓata aikin, haka ma yawan buɗewa. Buhunan su hau kan katako, kada su jingina da bango. Ƙwayar maganin hayaƙi da ake sayarwa a kasuwa guba ce mai kisa. Kada a taɓa sa ta a ɗakin da mutane ke kwana ko ajin yara na Lahadi.

Wa zai riƙe makulli?

Ba mutum ɗaya ba, kuma gara ba fasto ba, don a kare sunansa. A sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurin dattijo, ɗaya wurin zumuntar mata, mutum na uku ya riƙe littafin shiga da fita. Bulus kansa bai ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba. 2 Korintiyawa 8 ta nuna akwai ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa ya yi rakiya, don kada a sami abin zargi. A ƙirga buhuna sau ɗaya a wata.

Wa ake fara ba, kuma maƙwabtanmu Musulmi fa?

Gwauraye marasa mai taimako, marayu, tsofaffi, masu doguwar jinya. 1 Timoti 5 ta ce gwauruwar da ke da ƴaƴa ko jikoki su fara ɗaukar nauyinta, don haka wani lokaci aikin dattawa shi ne su je su yi wa ɗa magana. Mata ne suka san gidan da hayaƙi bai tashi ba, a saurare su. A kai hatsin gida da yamma cikin sutura, kada a jera mutane a ƙofar majami'a. Yaron da ya rame ko ƙafafunsa suka kumbura kuwa, hatsi kaɗai ba zai ishe shi ba, a kai shi gidan likita a ranar.

Game da maƙwabta, Galatiyawa 6:10 ta ce mu kyautata wa kowa, musamman ƴan'uwa masu bi. Asibitocin mishan na Danja da Galmi sun daɗe suna karɓar kowa ba tare da tambayar addininsa ba. A ware kason maƙwabta, a bayar ba da sharaɗi ba, kada a haɗa tiya da gayyatar zuwa sujada.

Ni ne mai buƙata, kuma ina jin kunya. Ko Allah ya juya mini baya ne?

Ɗan'uwa, ƴar'uwa, bai juya ba. A Romawa 8:35 Bulus ya jera abubuwan da ba su isa su raba mu da ƙaunar Almasihu ba, ya kuma ambaci yunwa da sunanta. Shi da kansa ya ce ya san ƙoshi, ya san yunwa. Na'omi ta koma Baitalami hannu wofi, kalar da Rut ta yi a gonar Bo'aza ce ta ciyar da su, daga zuriyar nan kuma aka haifi Dawuda. Ƙarancin ruwa ko tsutsar da ta ci zangarniya ba hukunci ba ne a kanka. Rumbun nan naka ne, kai ma ka zuba a ciki a shekarun da ka samu. Idan nauyin baki ya hana ka zuwa wurin dattawa, ka gaya wa mutum ɗaya da ka amince da shi, shi ya kai maganar, tun kafin ka ɗaga akuyarka ta ƙarshe zuwa kasuwa.