Kafin hadarin farko ya taso, a hau sama a duba kwano

Salamu alaikum jama'a. Ni aikina duba-gari ne, kuma duk shekara in aka shiga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu gabana yakan faɗi, saboda na san abin da ke tafe. Zafi ya kai maƙura, kowa na roƙon ruwa, sai wata rana da la'asar ka ga gabas ta yi baƙi ƙirin, ƙura ta taso ja wur, kafin ɗigon ruwa ɗaya ya sauka iska ta riga ta kwashe rufin gidaje goma a unguwa. Washegari mu ne za mu bi layi layi muna rubuta sunayen waɗanda suka kwana a waje, wasu an kai su asibiti kwano ya yanke su.

Mutanen Bauchi ba za su manta da Yunin 2018 ba, ana cikin hidimar ƙaramar Sallah iska ta zo ta yi ɓarnar da har yau ake labarinta, gidaje, makarantu, turakun wuta duk ta kwantar. Wannan babba ce, irin wadda sai dai addu'a. Amma yawancin rufin da nake gani a ƙasa ba irin wannan iskar ce ke cire su ba wallahi, iska ce ta yau da kullum, maƙwabcinka nasa na nan daram kai naka yana cikin kwata, toh ka san matsalar daga aikin ne.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne iska ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi. In ta bi ta saman kwano da gudu tana tsotsarsa sama, in kuma ta samu ƙofa ko taga a buɗe ta shiga ɗaki sai ta tura shi ta ƙasa, ka ga an haɗu masa biyu kenan. Kuma daga baki take farawa, kusurwa da gefe, da zarar ta samu fallen kwano ɗaya da ƙusarsa ta yi sako-sako shikenan ta samu mariƙa, sauran sai ta naɗe su kamar tabarma. Shi ya sa tambayar farko ba kaurin kwanonka ba ce, tambayar ita ce me ya riƙe katakon a jikin bango?

A nan ne kafintoci da masu gida suke cutar kansu. Gidaje da yawa in ka leƙa cikin silin za ka ga katakon kawai aza shi aka yi a kan bulo, aka ɗan kafa ƙusa biyu aka shafe da siminti. Wannan ai hula ce aka ɗora wa gida. Yadda ya kamata, tun wajen zuba linta a bar rodi ko wayar ɗauri mai kauri a ciki ta fito sama, in an aza katakon a lanƙwaso ta a ɗaure shi tam, kowane ɗan taki kaɗan, musamman a kusurwoyi. In gidanka an riga an gama ba a yi haka ba, ba sai ka rushe ba, magini zai iya huda bangon ƙasa da layin bulo biyu ko uku ya zura waya ya zagayo katakon ya ɗaure, kuɗinsa bai kai na bandir ɗin kwano ɗaya ba.

Abin mamaki, a Amurka ma wannan darasin suka koya da tsada. Su lokacin guguwar teku a wajensu daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma bayan guguwar Andrew ta ragargaza kudancin Filorida a 1992 sai da suka tsaurara dokar gini, ɗaya daga cikin abubuwan da suka matsa a kai shi ne ƙarfen da ke ɗaure rufi da bango, wato dai wayar nan da nake magana. Kuma da yawa daga manyan guguwoyin nasu asalinsu hadarin nan ne namu da ke tasowa daga gabas ya keta Afirka ta Yamma ya faɗa tekun Atilantika, can ya samu ruwa mai ɗumi ya ƙara ƙarfi. Wato ɗanmu ne yake zuwa ya girma a can.

Sai maganar gara. Katako zai yi maka kyau a ido, ka sa tsinin ƙusa ka danna sai ya burma, ciki duk gari. Ƙusa a jikin irin wannan katakon ba ta riƙe komai. A canza shi, sabon kuma a shafe shi da maganin gara, ko baƙin mai in shi ke da akwai, kafin a ɗora. Ƙusar kwano kuma mai hula ake sawa, a kan tudun kwanon ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba, kuma a layin baki da na kusurwa a ƙara yawanta kada a yi rowa. Wadda ta ɗago kai ko ta yi tsatsa kada a ce za a mayar da ita ramin da ta fito, ramin ya riga ya buɗe, a sa sabuwa a toshe tsohon.

Dan Allah maganar duwatsu da tsofaffin tayoyi da bulo da ake jerawa a kan rufi, na san talauci ne ke sawa, ban raina kowa ba. Amma in iska ta ɗaga kwanon dutsen nan a kan wa zai sauka? Na taɓa zuwa gidan da bulo ya ratso silin ya faɗo dab da inda yara ke kwance, Allah ne ya tsare. Tayar kuma ruwa take tarawa, sati ɗaya ta zama gidan sauro a saman kanka.

Masu rufin soro ku ma ba ku tsira ba, naku ba iska ba ce, ruwa ne. A yi yaɓe tun yanzu, a toshe tsagar da rani ya yi, a duba azara ko ta fara lanƙwasa, a zare ciyawa da ledoji daga indararo. Indararo in ya toshe ruwa ya kwanta a sama, ƙasa ta sha ta yi nauyi, kuma yawanci cikin dare take ruftawa mutane na barci. In ka ga silin ko azara na ɗiga wuri ɗaya kwana biyu a jere, a kwashe yara daga ɗakin tukuna sannan a nemi magini.

Reshen darbejiya da ya rufo kan ɗaki a sare shi, amma in yana kusa da wayar wuta kada yaro ya hau, a kira masu wutar. Ragowar kwano da aka jingina a bango, allon sola, dish, tankin ruwa, duk a ɗaure ko a shigar da su.

Ranar da hadarin ya taso kuma, a rufe ƙofofi da tagogi duka, a kira yara su shigo, don su lokacin ne suke fita tsintar mangwaro. Kada kowa ya hau sama wai zai danne kwano da jikinsa, na san wanda ya yi haka ya tafi tare da fallen. In kwano ya yanki mutum a danne wurin da tsumma mai tsabta har jinin ya tsaya, ban da zuba ƙasa ko toka ko man birki, a wuce asibiti a wanke a yi allurar tetanus, ko da ƙusa ce kawai aka taka. Wayar wuta da ta faɗo ƙasa kuma a ƙaddara tana da wuta ko da an ɗauke wutar, a tsaya nesa a hana yara zuwa.

Hukumar NiMet mai kula da yanayi a Najeriya tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, ana kuma faɗa a rediyo, ku saurari lokacin da aka ce ruwa zai sauka a yankinku ku kira kafinta wata guda kafin nan. In kuka bari sai bayan iskar farko, layi za ku bi a wajensa, kuma kuɗin ƙusa da kwano a kasuwa ya riga ya tashi.