Likita ya ga matsala a hoton ciki, ya yi shiru don kada a zubar: ya kyauta?

Mace mai juna biyu tana kwance a kan gadon awo, an shafa mata man nan mai sanyi a ciki, likita na zagayawa da na'ura yana kallon allo. Da farko ana hira, har ya nuna mata hannu da ƙafa. Can sai ya tsaya a wuri ɗaya, ya daɗe yana kallo, ya sake aunawa. Ta ce, "Likita, lafiya dai?" Abin da zai fito daga bakinsa a wannan lokaci shi ne ake muhawara a kai.

Wane irin bayani ne ake maganar ɓoyewa?

Sakamakon gwaje-gwajen da ake yi wa ɗan tayi tun yana ciki. Daga mako na 10 ana iya ɗibar jinin uwa a gano alamun wasu matsalolin ƙwayoyin halitta, irin lalurar Down, wadda ke jawo jinkirin girma da koyo. Wannan gwaji hasashe ne, ba ya yanke hukunci. Wanda ke tabbatarwa shi ne ɗibar ruwan mahaifa da allura, daga mako na 15 zuwa sama. Sai babban hoton ciki da ake yi tsakanin mako na 18 da na 22, inda ake duba zuciya da ƙwaƙwalwa da ƙoda da ƙashin baya. Ɓoyewar kuwa ba lallai ta zama ƙarya kai tsaye ba. Likita na iya cewa "ba komai" alhali ya ga wani abu. Yana iya ƙin ambaton cewa akwai gwajin da ya kamata a yi. Yana kuma iya jan ƙafa, yau da gobe, har wa'adin da doka ta yarda a zubar da ciki ya wuce.

Da gaske ana yin haka, ko zargi ne kawai?

Ana yi, har ta kai ga kotu. A ƙasar Poland, a shekarar 2002, hoton ciki ya nuna wa wata mata alamar matsala tana mako na 18. Ta nemi a yi mata gwajin tabbatarwa, aka yi ta turata daga wannan likita zuwa wancan. Ba a ɗebi ruwan mahaifar ba sai a mako na 23, sakamako kuma ya fito bayan lokaci ya ƙure. Ta haifi yarinya mai lalurar Turner, wata matsalar ƙwayoyin halitta da ke shafar 'ya'ya mata. A 2011 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke cewa an wulaƙanta matar, an kuma keta haƙƙinta na rayuwarta ta sirri, ta ce a biya ta Yuro 45,000. Abin da ya fi taɓa ni a shari'ar shi ne makonnin da ta yi tana yawo da ciki da fargaba, tana neman sanin halin da ɗan cikinta yake, alhali masu iya gaya mata suna nan.

A Amurka maganar ta bi ta majalisun jihohi. A 2010 majalisar Oklahoma ta zartar da doka, bayan gwamna Brad Henry ya ƙi sa hannu, wadda ta hana iyaye neman diyya a kan hujjar cewa da an gaya musu da sun zubar da cikin. Arizona ta yi makamanciyarta a 2012, sai dai tata ba ta kare likitan da ya ɓoye da gangan ko ya yi mummunan sakaci ba. Masu goyon bayan dokokin sun ce bai dace kotu ta ɗauki haihuwar yaro a matsayin ɓarnar da za a biya diyyarta ba. Masu adawa suka ce an cire wa likita tsoron abin da zai biyo baya idan ya yi shiru.

To ai rai yake ƙoƙarin cetowa. Laifi ne wannan?

Hujjar ba ta banza ba ce, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Likitan da ya yi imani cewa ɗan tayi mutum ne yana ganin marasa lafiya biyu a gabansa, ɗaya na magana, ɗaya ba ya iya kare kansa. Ya kuma san inda labarin kan ƙare: a Ingila, kusan tara cikin goma na cikin da aka tabbatar da lalurar Down ana zubar da su. Mutane masu nakasa da iyayensu sun daɗe suna kukan cewa an mayar da awon ciki tamkar rariya, ana tace wanda ya cancanci zuwa duniya. Duk mai tausayi zai ji wannan kuka.

Amma ni a ganina ɓoyewa ba ta zama mafita ba, cin amana ce. Matar ta zo ne don ta san halin da ake ciki, ta buɗe jikinta, ta yarda da idon likita domin nata idon ba ya iya karanta abin da ke kan allo. Likitan da ya ce mata "lafiya lau" ya yanke shawara a madadinta ba tare da ta ma san akwai shawarar da za a yanke ba. Ya kuma yi mata mummunan zato, ya ɗauka da ta ji za ta zubar, alhali iyaye da yawa suna ji su riƙe cikinsu, su shirya. Kotun Ƙolin Birtaniya ta taɓo irin wannan tunani a 2015, a shari'ar Montgomery. Mace ce mai ciwon suga wadda likitarta ba ta gaya mata cewa akwai haɗarin kashi 9 zuwa 10 cikin ɗari kafaɗar jariri ta maƙale wajen haihuwa ba, don kada ta zaɓi tiyata. Kafaɗar ta maƙale, yaron ya samu lahani a ƙwaƙwalwa. Kotu ta ce dole likita ya faɗi duk haɗarin da mai hankali zai so ya sani, ba shi da hurumin rage bayani don ya karkatar da zaɓin mutum. Ba maganar zubar da ciki ba ce a can, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Shi jaririn fa, shirun ba ya amfanarsa?

Nan ne hujjar ɓoyewa ta fi rauni, domin sau da yawa jaririn ne ke fara ɗanɗana kuɗarta. Akwai lalurar zuciya da manyan jijiyoyin jini biyu ke musanya wuri. Jaririn da ke da ita yana iya fitowa ya yi kuka kamar kowa, bayan 'yan awoyi leɓɓansa su fara yin shuɗi. Idan an sani tun yana ciki, sai a haife shi a asibitin da ke da likitocin zuciyar yara, magani na jiransa, a yi masa tiyata cikin makonnin farko. Idan ba a sani ba, sai a haife shi a inda babu ko ɗaya, a fara neman mota cikin dare. Haka buɗaɗɗen ƙashin baya: binciken da aka wallafa a Amurka a 2011 ya nuna cewa yi wa ɗan tayi tiyata tun yana ciki, kafin mako na 26, yana rage buƙatar sa masa bututun janye ruwa daga kai, yana kuma ƙara damar ya yi tafiya da ƙafarsa. Uwar da aka ɓoye wa ta rasa wannan dama, ɗanta ma ya rasa.

Ko a inda babu magani, sani yana da amfani. Iyayen da suka san jaririnsu ba zai daɗe ba suna samun lokacin shirya zuciya, su sanar da dangi, su tsara yadda za su rungume shi a ɗan lokacin da zai yi. Wannan ya fi a ce sun sayi kayan jariri cikin murna, sannan labari ya faɗo musu a ɗakin haihuwa.

Likitan da addininsa ya hana shi hannu a zubar da ciki, tilasta masa za a yi?

A'a. Ƙasashe da yawa sun yarda likita ya ƙi yin aikin zubar da ciki saboda imaninsa. Amma ƙin yin aiki daban, ɓoye sakamako daban. Na farko ya tsare hannunsa ne, na biyu ya rufe idon wani. Su kansu malaman addini ba su gina hukuncinsu a kan jahiltar da iyaye ba. A 1990 majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami da ke Makka ta yi fatawa cewa idan kwamitin ƙwararrun likitoci ya tabbatar da mummunar tawaya marar magani kafin ciki ya kai kwana 120, ana iya zubarwa bisa buƙatar iyaye, bayan haka kuwa sai idan ran uwa na cikin haɗari. Akwai malaman da suka fi haka tsanantawa. Ko wace fatawa mutum ya bi, sai ya san abin da ke faruwa kafin ya je ya tambayi malami. Cocin Katolika ma, duk da tsananin adawarsa da zubar da ciki, ya yarda da gwajin ɗan tayi matuƙar manufarsa kula da lafiyar yaron ce.

Indiya ba ta hana faɗin jinsin jariri ba? Wannan ba ɓoyewa ba ce?

Ta hana, tun dokar 1994, saboda yawan zubar da cikin 'ya'ya mata. Ƙidayar 2011 ta nuna yara mata 919 a kan kowane maza 1,000 'yan shekara shida zuwa ƙasa. Sai dai wannan doka ce a fili, an liƙa sanarwarta a bangon asibiti, kowa ya shiga ya san ba za a gaya masa ba. Kuma zama mace ba cuta ba ce da ke buƙatar shirin tiyata. Ba a yaudari kowa ba.

Idan matar ce da kanta ba ta son sani?

Haƙƙinta ne. Wasu kan ce tun farko kada a yi musu gwajin, ko kada a gaya musu sai abin da za a iya magancewa. Likita ya mutunta wannan, domin ita ta zaɓa.

To yaya ya kamata likita mai ƙin zubar da ciki ya yi?

Ya faɗi gaskiya, kuma ya faɗe ta cikakkiya. Rabin gaskiya ma na cutarwa ta ɗaya ɓangaren, domin akwai iyayen da aka jera musu matsaloli kawai, ba a gaya musu cewa masu lalurar Down a yau suna kaiwa kusan shekara 60, suna karatu, wasu suna aiki ba. Kan wannan ne sanatoci biyu da ba sa ga maciji da juna a kan zubar da ciki, Edward Kennedy da Sam Brownback, suka haɗu suka kawo dokar da aka sa wa hannu a Amurka a 2008, don iyayen da aka ba irin wannan sakamako su samu sahihin bayani na zamani da hanyar haɗuwa da iyalan da ke renon irin waɗannan yara. Likita na iya ajiye na'urar, ya jawo kujera ya zauna, ya ce mata ya ga wani abu a zuciyar jaririn da yake so ƙwararre ya sake dubawa a cikin makon nan, ya bayyana abin da ya tabbata da abin da ke zato, ya tambaye ta wa take so a kira ya zauna tare da ita.